Amsa ga mai niyyar nazarin hargitsattsen hasken leza

Ƙanena, na ga saƙonka inda ka ce kana so ka fito waje ka yi digiri na uku a kan aika saƙon sirri ta cikin iska da hargitsattsen hasken leza (na'urar da ke fitar da siririn haske mai tafiya a miƙe), saboda ka ji an ce babu mai iya sace irin wannan saƙo. Fannin yana da kyau, amma wannan magana ta ƙarshe tana buƙatar gyara.

Idan aka sa madubi a gaban ƙaramar leza ya mayar mata da kaɗan daga haskenta, sai ƙarfin hasken ya riƙa hawa da sauka babu tsari, sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Masana biyu, Lang da Kobayashi, su ne suka rubuta lissafin wannan hali a 1980. A cikin wannan hargitsi ake binne saƙo. Mai karɓa yana da tasa lezar, tamkar tagwayen ta farko, wadda take bin sawun hargitsin ƙafa da ƙafa amma ba ta kwaikwayon saƙon, don haka idan aka debe hasken lezar mai karɓa daga hasken da ya iso sai saƙon ya fito fili. Wasu masanan biyu, Pecora da Carroll, sun nuna a 1990 cewa hargitsi biyu suna iya daidaituwa, a 2005 kuma aka wallafa gwajin birnin Atina na ƙasar Girka, inda saƙo ya yi tafiyar kilomita 120 da saurin wajen gigabit guda (ƙwayoyin bayani biliyan ɗaya) a daƙiƙa.

Sai dai wancan gwaji a cikin zaren gilashi mai ɗaukar haske aka yi shi, kai kuwa iska kake nufi, kuma a nan ne wahalar take. Na taɓa shafe yini ina saita madubai a ɗakin gwaji har lezojin biyu suka daidaita, sai wani ya buɗe ƙofa, iska mai ɗumi ta shigo, ɗigon hasken ya fara rawa a kan katin da muke duba shi, daidaituwar ta watse nan take. Wannan a kan teburi ne kawai. Idan kuwa za a aika hasken tsakanin gini da gini, akwai hazo, ruwan sama da girgizar ginin kansa.

Game da tsaro, tazarar da ke tsakanin leza da madubinta tana barin alama a cikin hargitsin, kuma mai saurare a ɓoye, idan ya iya lissafi, yana iya gano ta ya fara kwaikwayon na'urarka. Masu bincike suna aiki a kan ɓoye wannan alama, kuma a ganina aika saƙo cikin hargitsi ƙari ne a kan ɓoye saƙo ta hanyar lissafi irin AES, ba madadinsa ba.

Kafin ka rubuta wa kowane farfesa, ka gwada warware lissafin Lang da Kobayashi a kwamfutarka ta amfani da Python (wani yaren rubuta manhaja), sannan ka tambaye shi ko ɗakin gwajinsa yana da lezoji masu kama da juna da na'urar auna haske mai saurin da zai iya kama wannan hargitsi.