Dashen turare a fadamar aro

Tambaya: Ina sayar da kayan gini. Surukina ya ba ni aron fadamarsa, kusan hekta guda. Ina so in dasa itacen turare 2,000, bayan shekara 3 in sare in sayar wa magina sandunan tokare dakin, wato rufin kankare. An ce harkar miliyoyi ce. Yaya zan gane iri mai kyau?

Amsa: Alhaji, gane irin ba wuya. Wanda kake nema ɗan asalin Ostareliya ne, a bakin koguna irin su Murray yake fitowa, inda ruwa kan yi ambaliya ya janye, shi ya sa fadama ke karɓar sa. Ɓawonsa sumul ne, yana ɓarewa dabbare-dabbare, fari da ruwan toka. Ganyen dogo ne siriri, in ka murza sai ƙamshi kamar na man zafi ya bugi hancinka, cikin itacen kuma ja. Ka rage lissafi: in ka bar mita 3 tsakani, hekta ba ta wuce 1,100 da 'yan kai, kuma gara za ta ci rabonta tun suna ƙanana. Shekara 3 ta yi kaɗan, ka sa rai da 5. Miliyoyin nan kuwa, wanda ya faɗa maka ya nuna maka tasa gonar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne aro, kuma daga suruki. Ba ka ambaci takarda ba, na san babu. Turare ba gero ba ne. In ka sare shi, kututturen tofowa yake, a sake sara karo na biyu da na uku ba tare da sabon dashe ba, kuma nan ribar take, don saran farko kusan kuɗinka kawai zai mayar. To kututturen na wa? Naka ko na mai ƙasa?

Na ga wani ɗan kasuwa da ya yi haka a gonar kawunsa. Ya biya dashe, ban ruwa, maganin gara da mai gadi. Ana gab da sara kawun ya rasu. Magada suka ce su gona suka gada da duk abin da ke tsaye a kanta. Aka je gaban dagaci, aka ce ya kawo shaida, ba shi da ko rasit na dashe. Ga nauyin zumunci, ya haƙura ya tashi hannu rabbana.

Sannan itacen nan shan ruwa gare shi. Ranar da maƙwabcin da ke noman albasa ya ce ka busar masa da rijiya, surukinka za a kai wa ƙara, shi kuma kunyarka ba za ta hana shi cewa a tumɓuke ba.

Kada ka sayi dashe ko ɗaya sai kun rubuta: shekara 15 aƙalla, sara nawa, kason mai gona nawa, wa zai tumɓuke kututture a ƙarshe. Dagaci ya sa hannu, manyan 'ya'yan surukin su ma su sa. In ya ce ai tsakaninku ba sai da takarda ba, ka yi masa godiya, ka nemi haya wurin bare.