Amsa ga mai tambaya a kan shincha: ganyen lafiyarsa ƙalau, ruwan ne ya yi masa zafi

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa ƙaninka ya taho maka da ƙunshin shincha, wato sabon ganyen shayi, daga Japan, ka dafa shi yadda muke dafa ataya, ya fito da ɗacin da ko sukari bai iya rufe shi ba, har kana tunanin ko a hanya ya lalace. Ina kyautata zaton ganyen babu abin da ya same shi, tafasawar ce ta ɓata shi. Don Allah ka dakata, kada ka sake ɗora sauran a wuta.

Ganyen atayarmu daga Sin ake kawo shi, kuma gasa shi ake yi a kasko mai zafi a murje shi, shi ya sa yake jure wa gawayi, a tafasa a sake tafasawa. Na Japan turara shi ake yi jim kaɗan bayan tsinka, sannan a murza a busar. Wani manomi mai suna Nagatani Soen, a yankin Uji kusa da Kyoto, shi ake danganta wa wannan hanya tun 1738. Turarawar ce ke sa ganyen ya zauna kore shar, amma kuma ita ce ke sa ya saki duk abin da ke cikinsa da wuri. Shincha kuwa shi ne tsinkar farko ta shekara, wadda ake kai wa kasuwa nan take ba tare da an adana ta ba.

Duk tsawon lokacin sanyi itacen shayin ba ya toho, yana nan yana tara abinci. In gari ya fara ɗumi, tohon farko shi ke kwashe wannan ajiya, musamman wani sinadari da ake kira tiyanin, mai ba da zaƙi-zaƙi da garɗi irin na romo. Tsinka ta biyu da ta uku sun fi shan rana, don haka sun fi yawan katekin, sinadarin da ke kawo bauri. Abin lura a nan shi ne, tiyanin yana narkewa ko a ruwa mai ɗumi, shi kuwa katekin da sinadarin kafeyin, masu bauri da ɗaci, sai ruwa ya haura digiri 80 suke fitowa da ƙarfi. To da ka tafasa shi, ɗacin ka kira gaba ɗaya, ya zo ya danne abin da ya sa ganyen yake da tsada.

Ga yadda nake yi, kuma shi ne na ga masu sayar da shayi suna yi a Shizuoka lokacin da nake karatu a ƙasar. Ka tafasa ruwa sosai tukuna, sannan ka sauke. Kada ka zuba shi a kan ganyen kai tsaye. Ka juye a kofunan da za a sha da su, ka bari ya huce. Duk juyi ɗaya daga wani mazubi zuwa wani yana rage kusan digiri 10, saboda haka daga buta zuwa wani kofi, daga nan zuwa kofunan sha, ka ɗan jira kaɗan, ka iso wajen digiri 70 ba tare da ma'auni ba. Alamarsa, za ka iya riƙe kofin a tafin hannunka ba ka yi saurin ajiyewa ba, tururin kuma ya daina tashi da ƙarfi. Ganye giram 5 zuwa 6, wato cikin cokalin shayi biyu masu tozo, ya ishi ruwa mililita 150 zuwa 200, na mutum biyu ke nan. Zuba ruwan a kan ganyen, rufe, kada ka girgiza, kada ka gauraya da cokali.

Tsawon jiran ya danganta da irin ganyen, sai ka duba naka. In ka gan shi dogaye sirara kamar allura, kore mai duhu yana sheƙi, ba a daɗe ana turara shi ba, ka ba shi minti 1. In kuwa ka ga ya kakkarye da ɗan gari-gari a ƙasan ledar, wannan shi ne fukamushi, wanda aka daɗe ana turarawa. Ba lalacewa ba ce, haka yake, kuma sakan 30 zuwa 40 ya ishe shi. Ruwansa kore ne mai kauri, na farkon kuwa garau yake mai ɗan ruwan ɗorawa.

Wajen tsiyayewa ne mutane da yawa ke sakaci. Kada ka cika kofi ɗaya sannan ka koma na biyu, domin na farko zai yi salam, na biyu ya yi ƙarfi. Ka zuba kaɗan a nan, kaɗan a can, ka dawo, har ruwan ya ƙare, ka kuma tsiyaye har ɗigon ƙarshe. Ruwan da ka bari a ƙasa zai ci gaba da jiƙa ganyen, zubi na biyu ya fito da ɗaci. In ba ka da 'yar butarsu mai mariƙi a gefe, kyusu, kowace ƙaramar buta da mataci mai laushi za ta yi.

Za ka ga wasu 'yan gashi-gashi farare suna yawo a saman kofin, kai ka ce ƙura ce ta faɗa. Kada ka zubar. Gashin bayan ɗanyen toho ne, kuma shaida ce cewa ganyen yana ƙarami aka tsinke shi.

Zubi na biyu ka ƙara zafi zuwa digiri 80, sakan 10 zuwa 15 kawai, tunda ganyen ya riga ya buɗe. Na uku ya fi haka zafi da ɗan jinkiri. Ni zubi na farko ba na haɗa shi da komai, ko cincin, balle sukari ko na'a-na'a. Ka daure ka sha shi haka ko sau uku ne kafin ka yanke hukunci, harshen da ya saba da ataya sai a hankali yake gano zaƙin.

Ruwan kansa ma abin dubawa ne. Yawancin ruwan Japan ba shi da nauyin ma'adinai, ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse kuwa yana da shi, kuma yana dusar da ƙamshin. In butarka tana yin farin ɓawo a ciki, nemi ruwan gora don wannan shayin. Da zafin garinmu kuma, gwada jiƙa giram 10 a lita 1 na ruwan sanyi, ka sa a firji awa 3 zuwa 6, ka tace. Kusan babu ɗaci, kuma a ganina a nan ne zaƙinsa ya fi fitowa fili.

Sai maganar ajiya, wadda ta fi damuna a kan naka. Shincha ɗan yayi ne. Tsinkar tana farawa daga kudu, a tsibirin Tanegashima cikin ƙarshen Maris, ta hauro Kagoshima a Afrilu, ta iso Shizuoka da Uji a ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Mutanen Japan suna girmama dare na 88 daga farkon bazararsu, wanda yake faɗowa wajen 2 ga Mayu, har tsofaffi na cewa shayin ranar yana ƙara lafiya. Ƙamshin ɗanyen ganyen nan shi ake saya, shi ne kuma yake fara gudu. Tunda ka riga ka buɗe, ka matse iskar ledar, ka naɗe bakinta, ka sa a gwangwani mai murfi, nesa da rana da murhu da kayan yaji ko daddawa, don ganyen shayi akwai jan wari. Ka shanye shi cikin mako biyu zuwa wata guda. Wanda ba a buɗe ba yana iya zama a firji, amma in ka fito da shi ka bari sanyin ya sake shi kafin ka yage ledar, in ba haka ba danshi zai kama ganyen.

Ka duba ledar ka faɗa mana ko dogon ganye ne ko kakkaryayye, da garin da aka rubuta a jiki, sai in daidaita maka zafi da lokacin da suka dace da shi.