Tambaya da Amsa: Ƙaramar kwamfuta za ta iya zama tashar raba waifai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 da aka ba ni kyauta, tana nan ajiye ba na komai da ita, sai wani abokina ya ce wai za a iya mayar da ita rauta ta riƙa raba waifai a gida, kuma wai komai nata a buɗe yake ba a biyan kuɗin manhaja. Da gaske ne? Mu kusan goma sha biyar ne masu riƙe waya a gidan. Kuma in haka ne, za ta iya ba da sabis na kira irin na turken kamfanonin waya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka. Eh za ta iya, mutane sun daɗe suna yi. Amma ka fara sanin cewa ita ba ta haifar da intanet, rabawa kawai take yi, dole a shigo mata da shi ta kebul daga modem ko ta wata waya da aka jona mata ta USB, in babu data a can to babu abin da za ta raba komai ƙarfin sigina da kake gani a wayarka.

Hanyar kuwa biyu ce. Ta farko, in manhajar Raspberry Pi OS kake amfani da ita, tun daga fitowar sigarta mai suna Bookworm a 2023 aikin ya yi sauƙi, NetworkManager ce ke kula da netwok, umarni ɗaya na nmcli ya isa ta fara watsa sunan waifai da faswod. A da, kafin Bookworm, sai mutum ya zauna ya haɗa hostapd, wadda ke mayar da katin waifai tasha, da dnsmasq mai raba wa kowace waya adireshi, sannan ya saita hanyar da bayanai za su bi daga kebul zuwa iska. Ta biyun, wadda ni na fi so, ita ce ka sa OpenWrt a kan memori. Wannan manhajar tun 2004 take, ta samo asali ne daga rautar Linksys WRT54G bayan an matsa wa kamfanin ya saki rubutun manhajarsa saboda a kan Linux ya gina ta, kuma dama aikin rauta aka yi ta dominsa, tana da shafin saiti da za ka buɗe a burauza ba sai ka haddace umarni ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Kwamfutar tana da ƙwaƙwalwa fiye da yawancin rautocin gida, amma rediyonta rarrauna ne. An yi shi ne don ita ta kama waifai, ba don ta ɗauki gida guda ba, eriya ɗaya ce 'yar mitsitsiya a jikin allon, alhali rauta ko mai araha za ka ga tana da biyu ko fiye. Pi 3 Model B ta 2016 a zangon 2.4 GHz kaɗai take aiki, ramin kebul ɗinta kuma bai wuce megabit 100 ba, sai 3B+ ta 2018 aka ƙara 5 GHz, Pi 4 ta 2019 ce ta zo da cikakken gigabit. Mutum uku huɗu a ɗaki ɗaya lafiya lau, amma goma sha biyar, wannan na kallon bidiyo wancan na kiran WhatsApp ga bango biyu a tsakani, za ka ga wayoyi na faɗuwa suna dawowa kuma kai za a riƙa kira. Shawarata, bar Pi ta zama shugabar netwok, ita ke raba adireshi, ita ke ƙayyade wa kowa gudu, har ka sa mata Pi-hole ta toshe tallace-tallace, sannan ka jona mata wata rauta ta kebul wadda aikinta watsa sigina kawai. In kuma sai dai katin waifai na USB, ka duba guntun (chip) da ke cikinsa kafin ka saya, ba sunan da ke jikin kwali ba. Irin su Atheros AR9271 da MediaTek MT7612U suna tafiya da Linux ba rigima, umarnin iw list zai nuna maka ko katin ya yarda da yanayin AP, wato ya zama tashar raba waifai. Kar ka ce kati ɗaya zai kamo waifai kuma shi zai raba, wahala ce.

Sauran ƙananan abubuwa: caja mai kyau ta bolt 5 da amfiya 2.5, don yawancin abin da ake ɗora wa manhaja laifin caja ne. Saita ƙasarka a manhajar in ba haka ba waifai ɗin ma ba zai tashi ba, zaɓi layin watsawa (channel) na 1 ko 6 ko 11, sa tsaron WPA2 da doguwar faswod. Yanke wuta bagatatan kuma yana lalata memori, ka ajiye kwafinsa.

Batun "komai a buɗe" ma da gyara. Manhajar a buɗe take, wato an saki rubutunta kowa na iya dubawa, amma guntun Broadcom da ke cikin Pi yana tashi ne da wata manhaja da ba a saki rubutunta ba. Wanda ya damu da wannan ya fi karkata ga wata ƙaramar kwamfuta mai suna BeagleBone Black, wadda har zanen allonta an sake shi, ko rautar OpenWrt One da ta fito a 2024.

Sai zancen kira. A fasahance ana yi, akwai manhajojin OpenBTS da Osmocom na 2G, akwai srsRAN na 4G, amma katin waifai ba ya wannan aikin, sai an haɗa kwamfutar da rediyo na musamman irin su USRP ko LimeSDR ko bladeRF, ga sim na kanka, ga amfilifaya da eriya a sama. An gwada OpenBTS a tsibirin Niue a 2010, a ƙasar Meziko kuma ƙungiyar Rhizomatica ta taimaki garin Talea de Castro na jihar Oaxaca ya kafa nasa sabis a 2013, daga baya hukuma ta ba al'ummomin izini. Ka lura da izinin nan. Zangon waifai an bar wa kowa muddin bai wuce ƙarfin da aka ƙayyade ba, amma 900 da 1800 MHz na waya gwamnatoci ke ba da lasisinsu, kunna tasha a kai ba takarda laifi ne, kuma kana iya jawo wayar maƙwabci ta bar netwok ɗinta har ya kasa kiran gaggawa. Masu koyo a cikin akwatin da ke tare sigina suke gwadawa, ko su haɗa na'urorin da kebul kai tsaye. In kira tsakanin 'yan gida kake so, sa Asterisk, manhajar da ke haɗa kira, a kan Pi ɗin, kowa ya sauke manhajar SIP, wato ta yin kira ta netwok, a wayarsa, ku riƙa kiran juna ta waifai ba tare da data ba.