Amsa: Me ya sa kwari ke yin kanwa, tudu ba ya yi?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa kwarin makiyayarku ke fari fat, tudu kuwa ba ya yi. 'Yan tike a nan Agege ma kan yi wannan zancen. Ruwan sama ke wanke gishirin tudu, ya gangara da shi kwari tare da laka. A kwarin, ruwan ƙarƙashin ƙasa na kusa, zafin rana ya jawo shi sama, ya ƙafe, kanwa ta zauna. Haka yankin Manga yake, wajen Yusufari a Yobe. Yashin tudu kuwa ba ya riƙe ruwa, shi ya sa kanwa ba ta zama a kansa. A ganina ku kula da gefen kwari, inda goriba ke tsirowa. Kada shanu su tattake shi da damina, domin laka mai kanwa in ta danƙare, ruwa ba ya ratsa ta.