Binciken filin jirgi: shin na'ura tana nuna tsiraici, kuma wa ake kai wa ƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Bolari ce a Gombe. Mahaifiyata ta biya kujerar Hajji, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Tana sa niƙabi. An gaya mata akwai na'urar da ke nuna mutum tsirara, kuma maza ne ke kallo, tun daga nan hankalinta bai kwanta ba. Wata ƙawata ma ta ce a wani filin jirgi an zazzage mata jaka gaban maza, wani jami'i kuma ya karɓi wayarta ya shiga hotunanta. Shin doka ta yarda da haka? Idan an ci zarafin mutum, wa zai kai wa ƙara?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya kai Mama lafiya, ya dawo da ita lafiya, ya karɓi ibadarta.

Ki fara gaya mata gaskiya: bincike ba makawa. Wanda ya ƙi a bincike shi ba zai hau jirgi ba, a Gombe ne ko a Jidda. Ƙa'idar ta duniya ce, tana cikin kundin tsaro na Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wanda aka amince da shi a 1974, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ke aiki da shi. Abin da fasinja yake da iko a kansa shi ne yadda za a yi binciken, da wanda zai taɓa jikinsa, da inda za a tsaya. A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, domin yawancinsu suna ɗauka duk abin da mai kaki ya yi doka ce.

Batun na'ura, ana cakuɗa abubuwa daban-daban. Abin da Mama ta fi yiwuwar cin karo da shi a ƙananan filaye irin na Lawanti da ke Gombe ko na Bauchi shi ne ƙofar nan da ake ratsawa, mai ƙara idan ta ji ƙarfe, sai sandar hannu da ake shafawa a gefen jiki. Waɗannan ba su ɗaukar hoto ko kaɗan, ƙarfe kawai suke ji. Injin da ke nuna abin da ke ciki kuwa na jakunkuna ne, mutum ba ya shiga.

Sai dai jita-jitar da ta ji tana da tushe. A ranar 25 ga Disamba 2009, Umar Farouk Abdulmutallab, wanda ya taso ta Legas, ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a cikin kamfai a jirgin da ya tashi daga Amsterdam zuwa Detroit. Ƙofar gane ƙarfe ba ta iya gano irin wannan sinadari. Daga nan ƙasashe suka yi rububin sayen na'urorin leƙa jiki, har da Najeriya a manyan filayenta. Na farkon, musamman masu aiki da hasken eksire, suna fitar da surar jikin mutum ƙarara, wani jami'i na zaune a wani ɗaki yana kallo. An yi ta cewa ba a adana hotunan, sai ga shi a 2010 wata hukumar tsaro ta Amurka ta amsa cewa ta tara hotuna sama da 35,000 daga na'urar da aka kafa a ƙofar wata kotu a jihar Florida. Mutane suka yi ca, ƙungiyoyi suka kai ƙara, majalisar dokokin ƙasar ta sa baki. Zuwa 2013 an kwashe masu nuna tsiraicin daga filayen jiragen Amurka. Tarayyar Turai kuwa tun 2011 ta hana masu hasken eksire, ta haramta adana hoto, ta kuma ba fasinja damar ya ce shi a laluba shi da hannu maimakon shiga na'ura.

Irin waɗanda aka koma yi yanzu suna aiki da igiyar rediyo mai rauni, wadda ke ratsa tufafi ta dawo daga fata. Allon ba ya nuna jikin kowa. Zanen mutum-mutumi ne guda ɗaya ga mace da namiji, siriri da mai jiki, sai alama ta fito a wurin da aka ji wani abu. Idan Mama ta tarar da irin wannan a hanya, allon yakan kasance a gefen na'urar, tana iya dubawa da idonta. In har zuciyarta ba ta natsu ba, ta nemi mace ta laluba ta.

Wannan shi ne haƙƙin da nake so ki riƙe da kyau. Mace ce ke laluba mace. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 9, ta ce ko wanda ake zargi da laifi a bincike shi cikin mutunci, kuma jinsinsa ne zai yi, sai in gaggawa ta hana. To ina ga tsohuwar da ba ta yi komai ba, Makka kawai za ta? Niƙabi dole a ɗaga shi, domin sai an haɗa fuska da hoton fasfo, kuma wannan ba cin mutunci ba ne. Amma tana iya cewa jami'a mace ta duba, a keɓantaccen wuri. Haka hijabi da ɗankwali: ana iya shafa su ta sama, in kuma ana buƙatar cirewa, a shiga ɗaki ko bayan labule. Jaka ma haka take. Suna da ikon buɗewa, ita kuma tana da ikon a buɗe a gabanta, ta nemi a matsa gefe. Baje kayan mace na ciki a kan tebur gaban jama'a, kamar yadda aka yi wa ƙawarki, ba ya ƙara wa jirgi tsaro ko na ƙwayar zarra. Sakaci ne da rashin tarbiyyar aiki.

Ba zan ɓoye miki ba, lokacin jigilar alhazai cunkoso kan yi yawa, tashin kan faɗo da tsakar dare, mata jami'ai kuma ba kullum suke wadata ba. Za a iya ce mata ta yi haƙuri babu mace a kusa. Amsarta ita ce za ta jira. Jiran minti goma ba ya hana tafiya.

Waya kuwa, aikin jami'in tsaron filin jirgi shi ne hana makami da abin fashewa shiga jirgi. Zai iya cewa a sa waya a tire ta ratsa inji, zai iya cewa a kunna ta don a tabbatar waya ce. Shiga hotuna da karanta saƙonni ba ya cikin wannan aiki. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya, sashe na 34 kuma ya kare mutuncinsa. Sashe na 45 ya ba da damar taƙaita sirri saboda tsaro, amma ta hanyar doka, ba don wani jami'i ya ga dama ba. Idan hukuma irin su NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ko DSS ta tsaron farin kaya tana da takamaiman zargi a kan mutum, wannan bincike ne na laifi mai nasa ƙa'idoji, kuma mutum yana da ikon tambayar sunan jami'in da hukumarsa da abin da ake zarginsa da shi. Ki lura, wannan kariya ta gida ce. Da zarar an sauka wata ƙasa, dokarta ce ke aiki. Jami'an kan iyakar Amurka, alal misali, suna bincika waya ba tare da takardar kotu ba.

Wani abin da ke rikitar da fasinja shi ne yawan masu kaki. Akwai jami'an tsaron FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, akwai na shige da fice, kwastan, NDLEA, DSS, da masu kula da shigo da tsirrai da dabbobi. Kowa na da ubangidansa, don haka idan abu ya lalace kowa sai ya nuna ɗan'uwansa. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu kan umarnin da ya ce hukumomin su haɗe bincikensu wuri guda, kuma duk jami'in da aka kama yana roƙo ko karɓar na goro a cire shi a hukunta shi. Umarni ne mai kyau. Amma duk mai tafiya ya san har yanzu ana jin "Alhaji, me ka kawo mana?" Wannan roƙo ya fi damuna fiye da kowace na'ura, domin jami'in da idonsa ke kan aljihun fasinja ba ya kallon abin da aka ajiye shi ya kalla.

Illar hakan ba ƙarama ba ce. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano. Binciken NDLEA ya kai ga kama wasu ma'aikatan filin, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata huɗu a tsare a ƙasar da ke yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya. Mahaifinta ne ya tsaya kai da fata, ya rubuta koke, har aka bi diddigi.

Don haka idan an ci zarafin mutum, kada ya yi hayaniya a wurin, kada kuma ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, domin ana hana ɗaukar hoto a wurin bincike, kuma zai ba su hujjar juya laifin kansa. Ya karanta sunan da ke ƙirjin jami'in, ya lura da kakin wace hukuma ce, ya riƙe lokaci da lambar jirgi, ya nemi ganin shugaban masu aiki a lokacin. In akwai wanda ya shaida, ya karɓi lambarsa. Sannan ya rubuta koke da wuri, domin hotunan kyamarorin tsaro ba su daɗewa ake goge su, kuma ya nemi a adana na wannan lokacin.

Koken yana zuwa ga manajan filin jirgin, da kwafi ga NCAA, hukumar da ke sa ido kan harkar jiragen sama, wadda ke da sashen kare haƙƙin fasinja. Mahajjaci ya ƙara da hukumar jin daɗin alhazai ta jiharsa da NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa. In an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna karɓar koke kyauta, kuma ba sai an je Abuja ba. Koken neman cin hanci kuwa ana kai shi ne ga ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci. In an kwafi hoto ko bayani daga waya, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta kafa hukumar NDPC don irin wannan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta wajabta wa hukumar gwamnati ta amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai, don haka ana iya tambayar me aka yi da koken. Ƙarshe akwai babbar kotu, ƙarƙashin sashe na 46. Ba kowane koke ne ke haifar da hukunci ba, amma hukumomin nan takarda suke ganewa, kuma abin da aka faɗa a zaure ko a Facebook ba ya shiga fayil ɗin kowa. Ki ba ƙawarki shawara ta rubuta nata ko da lokaci ya ja.

Ita Mama, ki rage mata abin da zai sa a tsayar da ita. Ta cire awarwaro da manyan sarƙoƙi da makullai kafin ta ratsa ƙofar. In tana da ƙarfe a ƙafa ko na'urar bugun zuciya, ta faɗa tun kafin ta shiga, da takardar likita a hannu. Magungunanta su kasance cikin kwalayensu tare da takardar asibiti. Ruwa, turare da man shafawa a jakar hannu kada kowanne ya wuce mililita 100, ƙa'idar da ta samo asali daga makircin tarwatsa jirage da abin fashewa mai ruwa-ruwa da aka bankaɗo a Ingila a 2006. Almakashi da reza su tafi babbar jaka, batirin cajin waya kuma ya zauna a ta hannu. Goro ta bar shi a gida, hukumar alhazai tana gargaɗi a kansa duk shekara. Kada ta karɓi saƙon kowa, ko na maƙwabciya ne, sai an buɗe ta ga abin da ke ciki. Idan an auna kayanta, ta ƙirga 'yan takardun shaidar jaka da aka ba ta, ta tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunanta, ta adana su tare da fasfo har ta karɓi kayanta a can.