Amsa: Da gaske tauraron Eddie Murphy ya dushe?

Kana tambaya ko Eddie Murphy, ɗan wasan barkwanci da fim na Amurka, ya daina tashe ne bayan shekarun 1980. A'a, bai daina ba, irin finafinan da yake yi ne suka canza. Ya shiga shirin barkwancin talabijin na Saturday Night Live a 1980 yana ɗan shekara 19, daga nan sai finafinan 48 Hrs. a 1982, Beverly Hills Cop a 1984 da Coming to America a 1988, duk na manya ne, bakinsa ba linzami. Daga 1996, da The Nutty Professor inda shi kaɗai ya fito a matsayin mutum bakwai, ya karkata ga finafinan iyali. A fim ɗin katun Shrek na 2001 muryarsa kawai ake ji a bakin jaki, kuma a ganina yana cikin ayyukansa mafi armashi.

Inda yake tuntuɓe shi ne zaɓen labari. An kashe wa fim ɗin The Adventures of Pluto Nash na 2002 kusan dala miliyan 100, abin da ya dawo bai kai miliyan 10 ba. Gwanintarsa tana cikin saurin baki, kwaikwayon murya da mayar wa abokin wasa martani nan take, to idan aka tara kwalliyar fuska da dabarun kwamfuta ba tare da labari mai ƙwari ba, dariyar ba ta zuwa. Da ya samu rubutu mai kyau a Dreamgirls na 2006, ya ci kyautar Golden Globe, aka kuma sa shi cikin 'yan takarar Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka.