Niƙaƙƙen nama ba ya jira kamar tsoka

Wa alaikumus salam amarya. Kin ce maigida ya kawo miki kilo 3 na niƙaƙƙen naman sa don sambusar azumi, kina tambaya ko zai kai sati a firij. Ba zai kai ba. Ɗanyensa kwana 1 zuwa 2 ne iyaka, shi ma sai firij ɗin yana sanyi da gaske, digiri 4 ko ƙasa.

Ita tsoka, ƙwayoyin cuta a bayanta suke, da ta ji wuta sun mutu. Amma da an zuba a inji an gauraya baya da ciki, ga kuma guntun naman wanda aka niƙa wa kafin ke. Shi ya sa ni nake leƙa bakin injin, in na ga tsohon kitse ya maƙale sai a wanke a gabana, ko mai injin zai haɗa rai.

Ni ma sai da na sha wuya na koya. Wata shekara azumi ya faɗo cikin bazara, na cusa nawa ƙulli ɗaya a firiza, aka ɗauke wuta kwana biyu, yara kuma suna ta buɗewa neman ruwan sanyi. Na tarar ya saki, jini ya kwanta a gindin leda. Na shinshina, ba wari, na soya abina. Daren nan ni da yara biyu a hanyar bayi muka kwana. Hanci ba ya gane wannan, kuma akwai dafin da ko suya ba ta kashe shi.

Yanzu ranar da ya shigo gida nake raba shi a ƙananan ledoji, kowace ta girki ɗaya, in danne ta ta yi faɗi kamar gurasa, in fitar da iska. Haka ya fi saurin daskarewa. Firiza mai wuta tsayayya tana riƙe shi wata 3 zuwa 4. In an ɗauke wuta, cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana kai awa 48, mai rabi kuwa 24, don haka ki cike gurbin da robobin ruwa. In har da sauran ƙanƙara a jikinsa yana nan lafiya. In ya narke ya ɗumama, ki haƙura da shi.

Amma in wutar unguwarku irin tamu ce, ki soya shi yau da albasa da attaruhu har ruwansa ya tsotse, ba sauran ja. Soyayye yana kwana 3 zuwa 4 a firij, sauran ki daskarar.

Wajen narkarwa kar ki shanya a rana, a zafin nan awa 1 a waje ta isa ta ɓata shi. Ki sauko da shi firij tun bayan sahur, cikin roba, a can ƙasa, kar jininsa ya ɗiga a kan kankana ko zoɓon buɗa-baki.